O. G. S. CRAWFORD, BATUREN DA YA GANO KUFAI DAGA JIRGIN SAMA

A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin wani Bature mutumin Ingila wanda ya mutu tun cikin 1957, amma har gobe masu binciken kufai da kayan mutanen dauri ba su daina ambatonsa ba. Sunansa Osbert Guy Stanhope Crawford. Shi ne ya fi kowa ƙoƙari wajen nuna wa duniya cewa wurin da mutane suka taɓa zama, ko da ya yi shekara dubu biyu da tashi, ko da garma ta baje shi ba a ganin ko tsingaro, to shukar da ta fito a kansa ta kan tona asirinsa ga wanda ya dube ta daga sama. Ta wannan hanya aka gano gidaje da ƙauyuka masu ɗimbin yawa na mutanen da suka zauna a ƙasar Ingila tun kafin Rumawa su ci ta da yaƙi, mutanen da ba su bar rubutu ba.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Crawford ran 28 ga watan Oktoba, 1886, a wata unguwa ta birnin Bombai a ƙasar Indiya, inda ubansa ke aikin alƙalanci a ƙarƙashin gwamnatin Ingila. Kwana kaɗan da haihuwarsa uwarsa ta mutu, saboda haka yana ɗan wata uku aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Ingila, aka danƙa shi a hannun gwaggonninsa, watau 'yan'uwan ubansa mata. Uban kuma ya mutu a Indiya cikin 1894, yaron bai ko san shi sosai ba. Gwaggonnin nan suka riƙe shi da farko a Landan, daga baya suka koma da shi ƙauye a lardin Hampshire, a kudancin ƙasar.

Da ya isa shiga babbar makaranta aka kai shi Kwalejin Marlborough, wadda ya ƙi jini har ƙarshen ransa saboda cin zalin manyan yara da wasannin dole. Abu guda ya ƙaru da shi a can. Makarantar tana tsakiyar tuddai masu cike da kaburburan mutanen dauri da tsofaffin ganuwoyi, akwai kuma wani malami da ya kan ɗebi yara ya kai su yawon ganin waɗannan wurare. Nan Crawford ya fara riƙe taswira a hannu yana bin jeji da ƙafa, al'adar da bai bari ba sai da ƙarfinsa ya ƙare.

Cikin 1905 ya shiga Jami'ar Oxford. Ya fara da karatun harsuna da hikimar Rumawa da Yunanawa, amma abin bai kwanta masa ba, sai ya juya ga labarin ƙasa, ya gama cikin 1910. Tun daga lokacin ra'ayinsa shi ne ba a fahimtar tarihin mutane sai an zana a taswira inda suka zauna, da inda suka bi, da irin ƙasa da ruwan da suka samu a wurin.

ZAMANSA A SUDAN

Cikin 1913 ya shiga ayarin wasu mata da miji masu bincike da za su tafi Tsibirin Ista a jirgin ruwansu. Tafiya ba ta yi nisa ba suka ɓata, don Crawford mutum ne mai saurin fushi wanda ba ya haɗiye magana, sai ya sauka a tsibiran Kef Bade ya komo gida. Wannan faɗa ya zame masa gobarar Titi, don a ƙarshen shekarar ya sami aiki wurin Henry Wellcome, wani attajiri mai kamfanin magunguna, wanda ke tonon kufai a Jabal Moya a ƙasar Sudan, yamma da garin Sinnar. Wellcome ya ɗauki dubban leburori a wurin, an kuma tone kabari kusan 3,000. Ma'aikatansa har sun gwada ɗaure na'urar ɗaukar hoto a jikin wani abu mai fiffike da iska ke ɗagawa, suna riƙe da igiya a ƙasa, don su sami hoton wurin daga sama.

Aka ba Crawford shugabancin tono a wani kufai da a ke kira Abu Jaili, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, ya yi aiki a can har tsakiyar 1914. Masu karatu da yawa sun san wannan yanki ko da a labari, don ba shi da nisa da garin Mai Wurno, inda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Son ƙasar Sudan ya shiga ran Crawford tun daga wannan zuwa, za mu kuma ga yadda ya koma mata da tsufansa.

YAƘIN DUNIYA NA FARKO

Komawarsa Ingila ke da wuya sai yaƙi ya tashi cikin Agusta, 1914. Ya shiga soja aka kai shi Faransa, zazzaɓi ya kama shi aka mai da shi gida. Da ya warke, cikin 1915, aka sa shi a sashen taswira na rundunar Ingila, inda aikinsa shi ne ɗaukar hotunan bakin dāga da zana ramukan da abokan gaba ke fakewa. Cikin 1917 ya koma wajen mayaƙan sama, yana zama bayan matuƙi yana leƙen abin da Jamusawa ke yi a ƙasa. Aka harbi jirginsu ya ji ciwo mai tsanani a ƙafa, kuma a kwancen jiyya ne ya fara rubuta littafinsa na farko a kan ɗan Adam da tarihinsa, wanda aka buga cikin 1921.

Ya koma bakin dāga, sai cikin Fabrairu, 1918, jirginsu ya faɗi a bayan Jamusawa, aka kama shi fursuna. Aka tsare shi a garin Landshut, ya faɗa kogin Isar da iyo don ya tsere, aka sake cafke shi, aka mai da shi wani sansani mai tsanani a Holzminden har yaƙi ya ƙare. Abin da ya fito da shi daga yaƙin nan shi ne ido, watau sanin yadda a ke duban hoton da aka ɗauka daga sama a rarrabe rami da tudu, sabon tono da tsoho.

OFISHIN SAFIYO

Cikin 1920 shugaban Ofishin Safiyo na Ingila, Sir Charles Close, ya ɗauke shi aiki a hedkwatarsu da ke Southampton. Shi ne mutum na farko da aka taɓa naɗawa jami'in kula da kufai a wannan ofis. Aikinsa shi ne ya gyara kurakuran da ke cikin taswirorin gwamnati game da wuraren tarihi, ya kuma sa waɗanda aka tsallake. Sauran ma'aikata, waɗanda yawancinsu sojoji ne, ba su ga amfaninsa ba, kuɗin da a ke ba shi kuma bai taka kara ya karya ba. Sai ya ɗauki kekensa ya ɗaure taswirori a jiki, ya riƙa bin lardi lardi, ko ruwa ko sanyi, yana duba kowane tudu da idonsa. Cikin 1924 ya fitar da taswirar Ingila ta zamanin Rumawa, mai nuna hanyoyinsu da garuruwansu da barikokinsu. Jama'a suka yi rububinta har ta ƙare nan da nan, daga nan manyan ofis suka fara sassauta masa.

Cikin 1922 wani likita abokinsa, Dokta Williams-Freeman, ya kai shi wani filin jirgin sama na soja a Weyhill don ya ga wasu hotuna da mayaƙan sama suka ɗauka wajen koyon aiki. Hafsan da ke wurin ya ga wasu zane-zane a cikinsu da bai gane ba. Crawford na dubawa ya ga iyakokin gonaki ne, ƙanana masu kusurwa huɗu, jere bisa tuddai mil bayan mil, waɗanda aka noma tun kafin zuwan Rumawa. Cikin watan Maris, 1923, ya yi lacca a kansu a gaban Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa a Landan, jaridu suka ɗauka, sunansa ya fita.

Ba shi ne ya fara duban kufai daga sama ba. Tun cikin 1906 wani hafsa ya ɗauki hoton duwatsun Stonehenge daga balan-balan, a lokacin yaƙi kuma wani Kanar Beazeley ya hango titunan tsohon birnin Samarra na halifofin Abbasiyawa a ƙasar Iraƙi. Abin da Crawford ya yi shi ne ya mai da abin ilmi mai ƙa'ida, ya bayyana dalilin kowace alama, ya kuma nace cewa duk abin da hoto ya nuna sai an je an taka wurin da ƙafa kafin a gaskata.

YADDA SHUKA KE TONA ASIRI

Ya kasa alamun nan kashi uku. Na farko inuwa: tudu ko kwari da ya shafe har mai tafiya ba ya lura da shi, in rana ta yi ƙasa da safe ko da la'asar sai ya yi inuwa doguwa wadda a ke gani sarai daga sama. Na biyu launin ƙasa: a gonar da aka yi wa huɗa ba a shuka ba, inda aka taɓa tona rami ya kan fi duhu, musamman a kudancin Ingila inda ƙarƙashin ƙasa duk farin alli ne. Na uku, wanda ya fi ban mamaki, shi ne alamar shuka.

Kowane manomi ya san hatsin da aka shuka a kufai ko a tsohon juji ya fi na gefensa kyau. To, haka abin ya ke. In mutanen dauri suka haƙa gwalalo suka kewaye gidansu, bayan sun tashi sai ramin ya cike a hankali da ƙasa mai laushi da toka da ruɓaɓɓen ganye. Ko bayan shekara dubu nawa, wannan ƙasa ba za ta koma daidai da allin ko tsakuwar da ke kewaye da ita ba, ta fi zurfi, ta fi riƙe laima. In aka shuka alkama ko sha'ir a wurin, saiwar wadda ta faɗa kan ramin ta kan nutsa ta sami ruwa, sai ta fi sauran tsawo da kore, ta kuma yi jinkirin nuna. Wadda ta faɗa kan tushen katanga ko daɓen dutse kuwa sai ta tsumbure, ta yi fari tun sauran ba su nuna ba. Saboda haka sai siffar gidan ta fito a jikin gona, gwalalo ya zama baƙin zobe, kowane rami ya zama ɗigo.

Alamar nan ba kullum ta ke fitowa ba. Ta fi bayyana a shekarar fari, sa'ad da shuka ke ƙishirwa, kuma sau da yawa mako ɗaya ko biyu kaɗai ta ke yi kafin girbi ta ɓace. Mutumin da ke tsaye a gonar zai ga wani wuri ya fi wani kore, amma ba zai gane siffar ba don ya yi kusa da yawa. Crawford, da ya ke mai son kyanwoyi ne, ya kan kwatanta abin da kyanwa a kan darduma: ita launuka kawai ta ke gani a hargitse, mai ɗakin da ke tsaye shi ke ganin zanen. Har hotuna biyu ya buga na darduma ɗaya, ɗaya daga tsayin kyanwa, ɗaya daga tsayin mutum.

Gwajin farko ya zo cikin 1923. Akwai wata tsohuwar hanya mai gwalalo dama da hagu da ta fito daga Stonehenge, wadda masana suka bi har ta ɓace musu a gonaki. Crawford ya bincika hotunan da sojoji suka ɗauka cikin 1921, shekarar da aka yi fari ƙwarai, sai ya ga layi biyu siriri sun lanƙwasa sun gangara wajen kogin Avon. Ya tafi da wani abokinsa suka haƙa a inda hoton ya nuna, suka tarad da ramukan daidai wurin. Daga ranar masu gardama suka ragu.

Cikin 1924 wani saurayi mai dukiya, Alexander Keiller, wanda gidansu suka yi arziki da sayar da abin shafa wa burodi na lemo, ya biya kuɗin hayar jirgi, shi da Crawford suka yi ta shawagi bisa kudancin Ingila suka ɗauki hoto wajen 300. Suka zaɓi 50 suka buga a wani babban littafi mai suna Wessex from the Air cikin 1928. A tsakanin nan wani matuƙin soja, Gilbert Insall, ya hango wani zobe a gona mil biyu daga Stonehenge cikin Disamba, 1925. Ya jira har alkama ta girma a shekara mai zuwa, sai ga ɗigo-ɗigo sun fito zobe shida, wani cikin wani. Da Maud Cunnington da mijinta suka tona, sai aka ga gurabun manyan gumagumai ne da aka kafa fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Wurin shi a ke kira Woodhenge yanzu.

Don irin waɗannan labarai su isa ga jama'a, Crawford ya kafa mujalla tasa ta kansa cikin 1927, mai suna Antiquity, tana fitowa duk bayan wata uku. Shi ne editanta har shekara 30. Ba ya sassauta wa ƙarya: ya je Glozel a Faransa, inda a ke ta yayata an tono wani tsohon rubutu, ya dawo ya buga cewa jabu ne.

GIDAN MANOMI A WOODBURY

Aikin da ya fi nuna amfanin hanyar Crawford shi ne na Woodbury, wani tudu a kudu da birnin Salisbury. Cikin 1929 ya buga hotunan wurin a mujallarsa. A ƙasa ba kome sai gona shimfiɗaɗɗiya, amma a hoto ga gwalalo nan baƙi ƙirin ya kewaye fili wajen eka 4, ga ƙofa ta fuskanci gabas, ciki kuma ɗigo-ɗigo birjik kamar an watsa gero. Akwai wani kewaye mafi girma a kusa, shi ya sa a ke kiran wannan Ƙaramin Woodbury.

A zamanin nan masana Ingila sun ɗauka cewa mutanen ƙasar na kafin Rumawa a cikin ramuka su ke kwana kamar gafiya, don duk inda aka tona kufansu ramuka a ke samu cike da toka da ƙashi da tsingaro. Wanda ya warware wannan kuwa baƙo ne. Gerhard Bersu shi ne shugaban wata babbar cibiyar binciken kufai a Frankfurt, gwani ne ƙwarai wajen gane gurbin itacen da ya ruɓe a cikin ƙasa, amma gwamnatin Hitila ta tuɓe shi cikin 1935 don ubansa Bayahude ne. Crawford yana cikin abokan da suka tsaya masa, har wata ƙungiyar masana ta Ingila ta ba shi aikin tona Ƙaramin Woodbury cikin 1938 da 1939.

Bersu bai bi rami ɗaya ɗaya kamar yadda aka saba ba. Sai ya sa aka kwashe ƙasar sama a fili mai faɗi har aka kai ga alli, aka share shi tas, ya zana kowane tabo. Sai ga gurabun dirkoki sun fito a zagaye, na wani babban ɗaki mai jinka wanda faɗinsa ya kai ƙafa 50, da manyan ginshiƙai huɗu a tsakiya. Ga kuma gurabu hurhuɗu a wurare da yawa, waɗanda ya ce ƙafafun rumbuna ne da aka ɗaga don ɓera da laima, da gurabu bibbiyu na ragayar shanya hatsi. Ya ga alamar kafi na itace da aka fara kewaye gidan da shi kafin a haƙa gwalalo. Ramukan nan kuwa, ya tona wajen 190, ya nuna cewa sun yi ƙunci da zurfin da mutum ba zai zauna ciki ba. Rumbunan ƙasa ne na ajiye hatsi, in ɗaya ya lalace bayan 'yan shekaru sai a mai da shi juji a haƙa sabo, shi ya sa suka yi yawa haka.

Watau dai wurin gidan gandu ne na wani manomi mai hali da iyalinsa da barorinsa, waɗanda suka zauna nan ƙarni bayan ƙarni kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu, suna noman hatsi, suna kiwon shanu da tumaki, matansu na saƙa. Bayan shekaru, a wata gonar gwaji da aka buɗe a Butser cikin 1972, aka zuba hatsi a irin ramukan nan aka liƙe baki da yumɓu. Sai aka ga na gefe ya kan tsira ya shanye iskar da ke ciki, daga nan sauran ya kwanta lafiya har a buɗe, ba ƙwaro ba ruɓa. Maganar Bersu ta tabbata.

Yaƙi ya tsai da aikin tun ba a tona rabin filin ba, aka kuma tsare Bersu a Tsibirin Man tare da sauran Jamusawa mazauna Ingila. Duk da haka rahotonsa ya fito cikin 1940, ya kuma sauya yadda a ke duban mutanen wancan zamani gaba ɗaya. Tun daga nan aka gano dubban kewaye irin wannan daga sama, a Ingila da Wales da Sikotilan, waɗansu zagayayyu waɗansu masu kusurwa huɗu, kuma akasarinsu ba a taɓa sa musu diga ba, hoton shuka kaɗai ne shaidarsu.

SIYASA DA GOBARA

Crawford ya taso a gidan masu riƙon addinin Kirista ƙwarai, amma da ya girma ya bar addini gaba ɗaya. Cikin 1932 ya ziyarci Rasha ya dawo yana yabon gurguzu, ya rubuta littafi a kan tafiyar, masu ɗab'i suka ƙi karɓa. Ya sake rubuta wani na sukar halin mutanen Ingila da kayan da su ke ƙerawa, shi ma ba wanda ya yarda ya buga. Daga baya ya juya wa mulkin Stalin baya. Ya je Jamus sau da dama, cikin 1938 ma ya yi lacca a Balin a kan hoton sama, ko da ya ke ya ƙi jinin 'yan Nazi. Cikin 1939 yana cikin waɗanda suka ɗauki hotunan tonon Sutton Hoo, inda aka sami wani basarake na dauri da aka binne a jirgin ruwa da zinariya tuli.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, ya yi ta roƙon shugabannin Ofishin Safiyo su kwashe littattafai da taswirori da hotuna daga Southampton, don gari ne na tashar jiragen ruwa wanda ba makawa Jamusawa za su kai masa hari. Ba su saurare shi ba. Ya ɗebi abin da ya iya na tsofaffin taswirori ya ɓoye a garejin gidansa a ƙauyen Nursling. Daren 30 ga watan Nuwamba, 1940, jiragen Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai, ofishin ya kama wuta, yawancin ajiyar ta ƙone, har da littattafansa na kansa da ya yi shekaru yana tarawa. Bai taɓa yafe wa manyan ofis wannan sakaci ba. Sauran shekarun yaƙin ya yi su ne yana yawo da na'urar hoto, yana ɗaukar tsofaffin gine-ginen Southampton dubbai kafin bam ko magina su rushe su. Cikin 1946 ya bar aikin gwamnati.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Da ya huta da ofis sai ya koma ga Sudan. Ya ziyarce ta cikin 1950, ya sake komawa bayan shekara guda yana bin gaɓar Nilu yana auna tsofaffin ganuwoyi da majami'u. Cikin 1951 ya fitar da littafi a kan daular Funj ta Sinnar, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821, a shekarar kuma aka buga rahoton tonon Abu Jaili da ya yi tun yana saurayi. Cikin 1953 ya buga littafin koyar da binciken kufai a fili, cikin 1955 kuma tarihin rayuwarsa. Girmamawa ta zo masa a makare: Sarkin Ingila ya ba shi lambar yabo cikin 1950, Jami'ar Kambirij ta ba shi digirin girmamawa cikin 1952.

Bai taɓa aure ba. Ya zauna a Nursling da kyanwoyinsa, har ya taɓa yin jawabi a rediyon BBC a kan kukansu da ma'anarsa, yana kwaikwayonsu, masu sauraro suka yi ta aiko da wasiƙu. Waɗanda suka san shi sun shaida mutum ne mai wuyar sha'ani, mai riƙo, amma mai haƙuri da matasa masu son koyo, ba ya kuma ƙyashin amsa wasiƙar ko wane ne in dai a kan kufai ce. Ya mutu cikin barci a gidansa ran 28 ga watan Nuwamba, 1957, yana da shekara 71, aka binne shi a Nursling. Bisa ga wasiyyarsa, abin da aka rubuta a kabarinsa bayan sunansa shi ne aikinsa na editan mujallar nan kaɗai.

Bayan yaƙi manyan taraktoci suka hau tuddan da shi da Keiller suka ɗauka cikin 1924, suka baje gonakin dauri da yawa, har ya zama hotunan nan su ne kaɗai abin da ya rage na waɗansunsu. Amma aikin da ya fara bai tsaya ba. Dokta St Joseph na Jami'ar Kambirij ya yi shekaru fiye da 30 yana shawagi yana tara hotuna dubu ɗaruruwa. A farin 1976, da kuma na 2018, sababbin kufai suka yi ta fitowa a gonakin Ingila da Wales, a 2018 ɗin ma wasu mutane biyu suka gano wani babban zobe kusa da Newgrange a ƙasar Ayalan da ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi. Mujallar Antiquity kuma tana nan tana fitowa, tana cikin manyan mujallun wannan ilmi a duniya.